LAHIYA UWAR JIKI: Ciwon cikin da magani kan tada ma yaro

   

Wanga wata ina so mu yi magana bisa wani abu wanda ni kaina ban san shi ba sai bara. Akwai maganin likita, mai kyau, wanda likita da kanshi ya rubuta, amma wani bi shina iya tada ma yaro mugun ciwon ciki. Ciwon ba shi da yawa cikin mutane. Amma in ya zo, ba shi jiran kowa. Na daɗe ina shawara da zuciyata, in rubuta ko in bari. Tsorona guda ne: kada wani shi karanta rabi, shi tahi shina cewa malamin yaƙi da jahilci ya ce a bar shan maganin likita. Ban ce ba, kuma ba ni cewa. Don haka wanda ya hwara karatun ga, don Allah shi kai ƙarshe. Wanda ke karanta ma jama'a a dandali, shi ma kada shi tsaya tsakiya.

Ga yadda abin ya same mu.

Cikin ɗalibaina na dare akwai wani dattijo. Makiyayi ne, kuma shina taɓa noma. Shekara 2 ke nan shina zuwa aji. Ya iya haɗa baƙi, sai dai in kalma ta yi tsawo shina tsayawa shi huta tsakiyarta. Shina da ɗan auta mai shekara 7, wanda ke hwama da hwarhwaɗiya tun shina ƙarami. Sun sha yawo wurin masu magani. Sun sai da akuya, sun sai da tunkiya. Daga baya anka kai yaron birni. Likita ya duba shi, ya rubuta mashi magani na sha kullum, sahe da marece. Allah ya sa anka dace. Wata 5 yaron bai hwaɗi ba ko sau ɗaya. Har ya koma bin awaki tare da yayyenshi.

Ran nan, bayan an gama yankan hatsi, dattijon ya zo aji bai kawo allonshi ba. Ya zamna can baya, ya yi tagumi. Da anka tashi sai ya tsaya.

Ya ce: "Malam, yaron nan naka ba shi jin daɗi. Kwana 2 ke nan ciki ya murɗe shi. Ko hura ya sha sai ta dawo."

Na ce: "Subhanallahi. Baba, mi kunka ba shi?"

Ya ce: "Uwarshi ta ba shi jiƙo. Munka ce ko tsutsa ce, munka sayi kabso wurin mai tebur. Bai hana komi ba."

Na ce: "Shina zawo?"

Ya ce: "A'a, amai dai, da kuka."

Na ɗauki tocila munka tahi gidanshi. Na iske yaron bisa tabarma ya dunƙule kamar bushiya, gwiwa ta kai ƙirji. Uwarshi ta so ta miƙe shi rigingine, sai ya ƙwala ƙara. Na ce shi gwada mani inda ke ciwo. Ya aza hannu bisa cibiya, can ƙarƙashin ƙahon zuci. Ya ce ciwon shina ratsawa har baya. Leɓenshi ya bushe, idanu sun hwaɗa.

Ni ba likita ba ne. Makarantar da na yi ba ta wuce firamare ba. Abin da na sani shi ne, yaron da ya yi kwana 2 shina amai, wurinshi gidan likita. Na ce ma dattijo su shirya kahin assalatu, su riƙa karnen yaro, su tattara duk maganin da ke ɗakin su sa cikin leda. Ban san ranar ba, ashe ledar nan ita za ta yi mamu aiki.

Da sunka isa, majo ya taɓa cikin yaron, ya tambaya: "Baba, akwai maganin da shike sha kullum?" Dattijo ya zazzage leda bisa tebur. Majo ya ɗauki kwali guda, ya karanta, ya sake duban yaron. Nan take ya sa mashi ruwa a jijiya, ya rubuta takarda a kai shi babban asibiti. Can anka ɗebi jini, anka yi mashi eko, wato hoton da ake ɗauka da na'ura bisa hwatar ciki. Likita ya ce wani nama ne cikin cikinshi ya kumbura, kuma maganin hwarhwaɗiyar ne ya tada shi. Kwana 9 sunka yi kwance.

Ranar da na tahi gaishe su, na dami likitan da tambaya. Allah shi saka mashi, bai ƙosa ba. Ya zana mani cikin mutum bisa bayan takarda. Abin da ya koya mani, da abin da na biɗa na karanta daga baya, shi ne zan ba ku.

Naman da ya kumbura likitoci suna ce mashi pankireyas. Ba hanta ba ne, ba saihwa ba ne, ba ƙoda ba ne. Duk wanda ya taɓa heɗe rago ranar layya ya gan shi, ko da bai kula ba. Nama ne mai taushi, launinshi tsakanin kitse da tsoka, shina manne da hwarkon hanji, kusa da hanta. Ga mutum, shina kwance a gicciye bayan tumbi, kusa da ƙashin baya. Shi ya sa ciwonshi ke ratsawa baya. Ga babban mutum tsawonshi kamar santimetir 15, wato bai cika taƙi guda ba.

Ƙarami ne, amma aikinshi biyu ne manya. Na hwarko, shina yin wani ruwa wanda ke narka abinci. Ga babban mutum shina zuba hiye da litir 1 cikin hanji kowace rana. Ruwan nan shi ke narka mai, shi narka nama, shi narka tuwo, har jiki shi samu abin tsotsa. Na biyu, shi ke yin sinadarin da ake ce ma insilin, wanda ke daidaita sukari cikin jini. Masu ciwon sukari sun san sunan, don wasunsu allurarshi suke yi.

To ku tsaya nan ku yi tunani tare da ni. Ruwan da ke narka nama, mi ya hana shi narka naman da ke yin shi? Ni ma tambayar da na yi ke nan. Hikimar Ubangiji ce. Abubuwan da ke cikin ruwan, kamar wuƙa suke cikin kube. Cikin kubensu suke hitowa, su bi wata ƴar hanya siririya, sai sun isa hanji sannan a zare su. In wani abu ya sa anka zare wuƙar tun tana cikin pankireyas, sai ta hwara yankan mai ita. Naman shi kumbura, shi yi zahi. Ruwan jiki shi riƙa tsiyaya daga jijiyoyi shina taruwa cikin ciki. Jini shi ragu cikin jijiya. In abin ya yi tsanani, ƙoda ta gaza, numhwashi shi yi wuya. Nan ne ake rasa rai.

Abubuwa da dama suna zare wagga wuƙa. Ga manya, giya ce da tsakuwar maɗaciya sunka hi yawa. Yara ba su shan giya, nasu daban ne. Akwai bugu a ciki: harbin jaki, tunkuyin sa, hwaɗuwa bisa kan keke. Akwai hangum. Akwai tsutsar ciki, doguwar nan mai kama da tana, in ta kutsa ta toshe hanyar ruwan. Akwai tsakuwar maɗaciya, wadda ta hi samun yara masu amosanin jini, ciwon da muke ce ma emasi. Sannan akwai magani, kuma ga yara magani shina cikin manyan dalilai. A Amurka, inda anka ƙidaya, an iske kamar yaro 1 cikin 10.000 ke kamuwa da kumburin pankireyas a shekara, in an haɗa dukan dalilan. Kun ga ba ciwon kowane gida ba ne.

Yanzu mu zo ga magungunan.

Na gaba cikinsu shi ne wani maganin hwarhwaɗiya. Bisa kwalinshi an rubuta VALPROATE. Akwai na ƙwaya, akwai na ruwa don ƙanana. A Faransa anka hwara sai da shi, cikin shekara ta 1967. Magani ne na ƙwarai, ya tsai da hwaɗuwar yara da ba su ƙirguwa a duniya. A shekara ta 1979 likitoci sunka hwara ba da labarin yaran da sunka samu kumburin pankireyas suna shan shi. A shekara ta 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta sa anka rubuta babban gargaɗi bisa takardarshi. Galibin masu shan shi ba su ganin komi har su girma. Wanda abin zai samu, shina iya samun shi cikin watannin hwarko, shina iya samun shi bayan shekaru. Kuma ba sai an zarce awo ba. Yaron dattijonmu, yadda likita ya ce haka ake ba shi, ba ƙari ba ragi. Saboda haka ba laihin uwa ba ne, ba laihin uba ba ne, ba laihin likita ba ne. Jiki ne da jiki. Kamar yadda wani ke cin gujiya lahiya lau, wani in ya ci sai jikinshi shi tashi.

Tun da maganar ta kawo mu nan, in ƙara guda. Wanga magani shina iya lahanta ɗan da ke ciki. Yarinyar da ke shan shi, in ta isa aure, a koma wurin likita tun ba a ɗaura ba, don shi duba ko za a canza mata.

Akwai wasu magunguna waɗanda sai a manyan asibitoci ake ba da su. Akwai allurar asparajinaz, wadda ake yi ma yara masu kansar jini. Cikin yara 100 da ke karɓar ta, kamar 5 zuwa 10 suna samun wanga kumburi. Likitocinsu sun sani, suna tsaye a kai. Akwai azatiyopirin da ɗan uwanshi merkaptopirin. Akwai tsohon maganin sida mai suna didanozin, shi ma an san shi da haka, amma an daina ba yara shi, an samu waɗanda sunka hi shi. Waɗanga ba zan daɗe kansu ba, don ba a hannunmu suke ba.

Waɗanda ke hannunmu su ne na kasuwa, kuma su sunka hi ba ni tsoro. Ku duba tiren mai tallar magani ranar kasuwa. Rana ta gasa shi, ƙura ta ruhe shi, mai shi bai iya karanta abin da ke bisa kwali ba. Kabson nan ja da rawaya, tetarasikilin, wanda ake ɓarewa a zuba ma yaro cikin koko in ya yi zawo, shina cikin magungunan da anka sani suna iya tada pankireyas. Bayan haka shina ɓata haƙoran yaro, shi ya sa ba a ba wanda bai kai shekara 8 ba. Akwai kotirimoksazol, akwai metoronidazol. Su biyu magunguna ne masu anhwani in likita ya rubuta, kuma da wuya su kawo wanga ciwo, amma an gani. Akwai deksa, ƙwayar da wasu mata ke sha don ƙiba, har wasu na ba ɗiyansu wai su yi kumatu. Ita da danginta suna cikin waɗanda likitoci ke zargi. Wallahi ƙibar deksa ba lahiya ba ce, kumburi ne. Har parasetamol da muka raina, in an ɗura ma yaro shi hiye da awo, shina kashe hanta, wani bi shi taɓa pankireyas.

In likita ya ba da magani mai haɗari, ya auna ne. Ya aza ciwon a hannu guda, ya aza haɗarin a hannu guda, ya ga wanda ya hi nauyi. Yaro mai hwarhwaɗiya, in ba a ba shi magani ba, wuta na nan, rijiya na nan. Haɗarin ya cancanci ɗauka. Amma yaron da mura ke damu, anka ba shi kabso uku iri daban daban daga tire, mi anka auna? An ɗauki haɗari ne a banza.

Mu manoma akwai wani magani namu na daban, wanda ba na sha ba ne: maganin ƙwari da muke hesawa a gonar wake da garka. Wasu irinshi, in yaro ya sha ko ya jiƙa mashi jiki, bayan dalalar miyau da shaƙewa, suna iya kumbura pankireyas. Galan ɗin da ya ƙare kada a wanke shi a zuba ruwa ko nono. A huda shi a bizne.

To yaya za mu gane ciwon? Ciwon ciki dai kowane yaro na yin shi. Na tsutsa, na ɗanyen mangwaro, na zawo, duk mun san su, suna murɗawa su saki. Wanga ba shi saki. Sama shike, tsakanin cibiya da ƙirji. Sau da yawa shina ratsawa baya. In yaro ya ci abinci sai shi ƙaru. In ya kwanta rigingine sai shi ƙaru, in ya duƙa ko ya dunƙule sai shi ɗan ji dama. Amai na biye da shi, kuma aman ba shi kawo sauƙi. Yaro shi ƙi abinci, shi ƙi a taɓa cikin. Wani bi ciki shi kumbura, wani bi jiki shi yi zahi. Jinjiri da bai iya magana ba, sai dai ku ga kuka ba dalili, da ƙin nono, da amai, da ciki a ɗaure.

Ba mu ne za mu ce ga sunan ciwon ba. Ko majo ba shi iya tabbatarwa da hannu kaɗai. Sai an auna jini an duba wani abu da ake ce ma lipaz. In ya ninka na mai lahiya sau 3, ga kuma irin ciwon da na hwaɗa, to shi ne. Eko shina taimakawa, shi gwada kumburin, shi gwada ko akwai tsakuwa ko tsutsa. Wanga awo sai manyan asibitoci, irin na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Namu aikin shi ne mu yi zato da wuri. Yaro na shan magani na kullum, ko an ba shi sabon magani kwanan nan, sai ga ciwon ciki mai tsanani da amai: ranar nan za a tahi, ba gobe ba. Ba a jiran ranar kasuwa don a samu mota.

Kuma a riƙa leda. Duk abin da yaron ya sha a sa ciki: na likita, na mai tebur, har saiwar da anka jiƙa. Kada a ɓoye komi don kunya. Na san halinmu. Mutum shi ba yaro kabso, in majo ya tambaya shi ce ko ruwa bai ba shi ba. Majo zai yi hwaɗa, gaskiya ne. Hwaɗan majo minti 2 ne. Da dattijonmu bai zazzage ledarshi ba, da an ba yaron maganin tsutsa an sallame su.

Kahin a isa, kada a ba shi maganin wankin ciki. Kada a yi mashi tsaga, kada a yi lalas, kada a danna cikin wai a kwance shi. Kada a ba shi taramol don shi yi shiru. Kada a tilasta mashi tuwo. In shina iya riƙe ruwa, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan.

Ga wurin da ya hi wuya, ku saurara da kyau. Maganin hwarhwaɗiya ba a yanke shi kwatsam a gida. In anka yanke, hwaɗuwa tana iya dawowa da ƙarhi, ta jera ba hutawa, har ta kashe yaro. Deksa da danginta ma, wanda ya daɗe shina sha, in ya bari rana guda jikinshi na iya rushewa. To ga magani na cuta, ga barin shi na cuta, ina mahita? Mahita ita ce likita. Shi ke tsai da wanda ya kawo ciwon, shi maye shi da wani a lokaci guda. Kuma ku lura, yaron da ke amai, ko kun ba shi maganin ba shi zama cikinshi. Ke nan hwaɗuwa na iya zo mashi bisa ciwon cikin. Wanga ma dalili ne na gaugawa.

A asibiti babu wata allura guda da ke kashe wanga ciwo. Abin da ake yi shi ne a janye abin da ya tada shi, a taimaki jiki shi gyara kanshi. Ana ƙara ruwa a jijiya, leda bayan leda, don a mai da wanda ya tsiyaye. Ana ba da maganin zahi. Ana duban hitsari, ana duban numhwashi. Da can ana hana majinyaci abinci kwanaki da yawa. Yanzu likitoci sun gane hanji ba shi son zama wayam, don haka da amai ya tsaya, cikin kwana 2 ko 3, ake hwara ba yaro abu mai sauƙi. Namu da kunu anka hwara mashi. Galibi ba a yin aiki da wuƙa. Galibin yara suna warkewa sarai cikin kamar mako guda. Kaɗan ne ciwon ke yi ma tsanani, ko ruwa shi taru masu kamar ƙunshi kusa da pankireyas, ko su samu ciwon sukari daga baya. Shi ya sa in likita ya ce a dawo rana kaza, a dawo ko da yaron na guje-guje.

Maganar kuɗi na san tana cikin ranku. A shekara ta 2006 gwamnati ta yi doka ta ɗauke kuɗin magani ga yaran da ba su kai shekara 5 ba. Namu ya wuce 5, dattijo sai da ya sai da ɗan maraƙi. Da ya yi mani kukan haka, na ce mashi saniyar tana nan, za ta sake haihwa.

Rigima ta taso ne ranar sallama. Likita ya rubuta wani maganin hwarhwaɗiya na daban. Dattijo ya karɓi takarda, ya ninke, ya sa aljihu, bai nuhi farmasi ba. Da dare ya zo wurina.

Ya ce: "Malam, kai mai ilimi ne, amma ka ji tawa. Abin da ya so shi kashe mani ɗa, in koma in sayi ƙanenshi da kuɗina? Na tuba da maganin likita. Mu koma ma na gida."

Na ce: "Baba, ka hi ni shekaru, ka hi ni sanin duniya. Amma in tambaye ka. Tabon da ke hannun yaron nan na hagu, mi ya yi shi?"

Ya yi shiru. Ya ce: "Murhu ne. Ya hwaɗi uwarshi na dahuwa."

Na ce: "Lokacin wane magani shike sha?"

Ya ce: "Na gida."

Na ce: "Baba, in sa guda ya tunkuye ka cikin garke, shi kake hitarwa, ko garken duka kake saki?"

Bai amsa mani ba. Ya yi sai da sahe ya tahi. Na kwana ina jin na yi ma babba rashin kunya. Ashe da ya isa gida uwar yaron ta riga ta yanke tata shawara. Ta ce ita ta san dararen da ta kwana zamne tana tsaron yaro, ba ta komawa cikinsu. Ta kwance kuɗin adashinta ta ba shi. Washegari ya hau moto ya sawo maganin. Yau wata 11 ke nan, yaron bai hwaɗi ba, cikin ma bai sake tashi ba.

Haka nake roƙon ku ku ma. Kada wanga labari shi sa wani shi ɓoye ɗiyanshi ranar rigakahi. Kada shi sa a tohar da maganin masassarar cizon sauro da ake rabawa gida gida da damina, ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5, wanda anka hwara a ƙasarmu a 2013. Masassara ita ke ɗauke mamu yara kowace damina, kowa ya san gidan da ta shiga. Kumburin pankireyas, ni shekarata 30 da ƴan kai, sau guda na gan shi.

Abu guda ya rage. Yaron da wani magani ya taɓa kumbura ma pankireyas, ba a sake ba shi wanga magani, don ciwon na iya dawowa ya hi na da. Likita ya rubuta sunan da jan biro bisa karnen yaron. Amma karne na ɓata, gara na cin shi, majo na canzawa. Dattijo ya ce shi a kanshi shike son sunan shi zamna. Sai munka kai maganar aji.

Na rubuta kalmar bisa babban allo da manyan baƙaƙe. Nan da nan aji ya ɗau surutu, don harahin hwarko ba mu taɓa koyon shi ba, babu shi cikin Hausa. Wani ya ce ai gwahwa ce. Wata ta ce ƙahonin akuya ne. Munka bar shi a gwahwa. Dare 3 dattijo ya yi shina juya kalmar bisa allonshi, shina tsayawa shi huta tsakiyarta yadda ya saba. Ran na huɗu ya rubuta ta da ka, ba kuskure. Ya sake rubuta ta bisa ƴar takarda, uwar yaron ta ɗinke cikin hwata kamar laya, tana rataye ga ƙusa kusa da ƙohwa.

Tun daga ran nan, kowace Alhamis kowa na kawo kwalin maganin da ke gidanshi mu karanta tare: sunan magani, da ranar da za shi lalace. Makon hwarko kaɗai munka iske kwali 6 da kwanansu ya wuce, guda ma na bisashe ne, ana ba yara. Ina kira ga ƴan uwana malaman yaƙi da jahilci na sauran garuruwa su gwada haka a azuzuwansu, su rubuto mamu abin da sunka gani.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana bisa hangum, don na ji ya shigo ƙauyukan da ke gabas da mu. Ku huta lahiya.